Fitilun Gaban Mota Da Birkin ABS: Karatun Da Ya Kamata Kowace Uwa Ta Iya

   A wannan wata za mu ɗan bar kicin da ɗakin yara, mu leƙa cikin mota.

Na san wata za ta ce ina ruwan mace da sha'anin mota, ai wannan aikin maza ne da makanikai. To, 'yar uwa, tsaya ki duba su wa ake ɗauka a cikin motar. Mu ne da 'ya'yanmu. Mu ake kaiwa awo, mu ake kaiwa biki da suna da gaisuwar rasuwa, 'ya'yanmu ake kaiwa makaranta. A ƙasar masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya mako ya wuce mace ba ta shiga mota ba, ko ta gida ko ta haya. Ga kuma mata masu tuƙi da kansu suna ta ƙaruwa: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa, da masu koyarwa ko karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗuran hanya, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya cin ran yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ashe kuwa magana ce da ta shafi uwa kai tsaye.

Abin da nake so mu ɗauka a yau guda ne. Mota ba ta cika lalacewa ba tare da ta yi gargaɗi ba, kuma gargaɗin nata yana nan a gaban direba, inda ke ma da kike zaune a gefensa kina iya gani. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Launi uku, ma'ana uku

Bayan sitiyari akwai wani allo mai agogon gudu da na mai, wanda ake kira dashbod. A jikinsa akwai ƙananan fitilu masu hotuna iri-iri. Motocin zamani suna da kwamfuta a ciki, da wasu 'yan na'urori da makanikai ke kira sansa, waɗanda aka dasa a inji da tayoyi da tankin mai. Aikinsu shi ne su riƙa auna zafi da ƙarfin gudanar baƙin mai da saurin juyawar taya, suna aika wa kwamfutar. Da zarar wani awo ya kauce daga yadda ya kamata, sai kwamfutar ta kunna fitilar da ta dace da shi.

Ko ba ki san hoton ba, launin kaɗai ya isa ya ba ki rabin labari. Fitila ja na nufin haɗari ne ga rai ko ga inji, a nemi wuri a tsaya. Mai ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala, ana iya ci gaba da tafiya a hankali, amma a kai mota wurin gyara ba da jimawa ba. Kore ko shuɗi kuwa sanarwa ce kawai cewa wani abu yana kunne, kamar sigina ko babbar fitilar dare.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, fitilun nan kan kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan 'yan daƙiƙu ko da zarar inji ya tashi. Wannan ba lalacewa ba ce, motar ce ke gwada kanta. Wadda ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi, ita ce ke da magana. Wadda kuma ta ƙi kamawa tun farko, ita ma abin tuhuma ce, za mu dawo kanta a gaba.

Jajayen da ba a wasa da su

Ta farko ita ce mai hoton buta da ɗigo a bakinta. Wannan fitilar baƙin mai ce. Baƙin mai shi ne ke shiga tsakanin ƙarafan inji ya hana su cin juna. Idan ta kama ana cikin tafiya, ma'anarta man ba ya zagayawa da ƙarfin da ake buƙata, ko don ya ƙare, ko don famfon da ke tura shi ya samu matsala. A nan ba a cewa bari mu ƙarasa Gumel tukuna. 'Yan mintuna kaɗan sun isa inji ya buga, kuma kuɗin sabon inji ya ninka na galan ɗin mai sau da yawa. A tsaya, a kashe mota, a jira kaɗan, a zaro sandar awon mai a duba. Idan man ya yi ƙasa a ƙara. Idan kuwa man yana nan cike amma fitilar ta ƙi mutuwa, kada a sake tayar da motar, a kira makaniki.

Ta biyu ita ce mai hoton ma'aunin zafi irin na asibiti, tsaye a kan igiyar ruwa. Inji ya ɗauki zafi ke nan. A watannin bazara, lokacin da rana ke dukan ƙasarmu ta arewacin Jigawa, wannan matsala ta fi yawa. A kashe na'urar sanyaya mota, a tsaya a inuwa, a kashe inji. Babban gargaɗi a nan shi ne kada kowa ya buɗe murfin lagireto yana da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, yana iya yin tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. A ba shi aƙalla rabin awa ya huce, kuma a janye yara daga gaban motar, don kin san halinsu na son leƙe.

Ta uku ita ce mai hoton batir, akwati mai alamar tarawa da ɗebewa. Mutane kan ɗauka batir ne ya mutu, alhali sau da yawa na'urar da ke yi masa caji ce ta daina aiki, ko kuma fambel ya tsinke. Motar za ta ci gaba da tafiya da ɗan abin da ya rage a batir, sannan ta mutu. Da rana wannan wahala ce kawai, amma da dare a tsakiyar daji, fitilu su dushe mota ta tsaya a kan titi, haɗari ne babba. A kashe rediyo da duk abin da ke jan wuta, a nufi gari mafi kusa. A kuma sa ido a kan ma'aunin zafi, domin a wasu motocin fambel ɗin da ke caji shi ne ke juya famfon ruwa.

Ta huɗu ita ce da'ira mai alamar motsin rai a tsakiya, wasu motocin kuma a rubuce take BRAKE. Wannan ta birki ce. Da farko a duba ko birkin hannu ne aka manta ba a sauke ba. Idan an sauke shi amma tana nan, to galibi man birki ne ya yi ƙasa, ko don abin da ke kama tayar ya cinye, ko don man yana yoyo a wani wuri. Idan direba ya taka birki ya ji ya yi laushi, ƙafarsa tana nutsewa har ƙasa, wannan mota ba ta ɗaukar kowa sai an gyara ta. Kuma kada a yarda da dabarar nan ta zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Birki yana ɗaukar zafi sosai. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa sabon man birki mai lamba DOT 3 sai ya haura digiri 200 kafin ya tafasa. Ruwan da ya tafasa ya zama tururi ba ya matse komai, sai a taka birki a ji wayam. A jikin murfin gwangwanin man an rubuta irin wanda motar ke sha, DOT 3 ko DOT 4, kuma masu ƙera motoci da yawa suna ba da shawarar a canja shi duk bayan kimanin shekara biyu, saboda yana tsotsar laima daga iska.

Masu ruwan ɗorawa

Wadda aka fi gani ita ce mai hoton inji, ko a rubuce CHECK ENGINE. Dalilanta suna da yawa, daga murfin tankin mai da bai rufu sosai ba, zuwa gurɓataccen fetur, zuwa fulogi ko sansa da ya gaji. Idan a tsaye take ana iya lallaɓawa a kai ta gareji. Idan kuwa tana ƙyaftawa, mota tana karkarwa, to a rage gudu nan take a nemi makaniki, don ci gaba da taka ta zai jawo ɓarna mai tsada.

Akwai mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a ciki, ita ce ke nuna iskar wata taya ta ragu. An wajabta ta a sababbin motocin Amurka tun 2007, a na Tarayyar Turai kuma tun 2014, saboda haka ba kowace tsohuwar mota ke da ita ba. A tsaya wurin mai faci ya auna duka huɗun. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba a yawancin motoci.

Sai kuma mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ko a rubuce SRS, wadda a motoci da yawa ja ce. Ita ce ta jakar iskar nan da ke fashewa ta tare mutum lokacin karo. Idan ta tsaya a kunne, mai yiwuwa jakar ba za ta fito ba ranar da ake buƙatarta. A nan zan ja hankalinmu mu iyaye. Jakar nan tana fitowa da ƙarfin gaske, an kuma yi ta ne daidai jikin babban mutum. Ɗabi'armu ta zama a gaba da jariri a cinya ganganci ce, domin idan aka yi karo hannun uwa ba ya iya riƙe shi, kuma shi ne zai shiga tsakaninta da jakar. Wurin yara kujerar baya ne. Mai juna biyu ma ta ɗaura bel, ta bi da igiyar ƙasa ta ƙarƙashin ciki, ta saman kuma ta bi tsakiyar ƙirji. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana nanata maganar bel, kuma ba don gudun tara ya kamata mu ɗaura shi ba.

Mene ne ABS?

Yanzu mu zo kan haruffan nan uku da ke cikin da'ira mai ruwan ɗorawa. ABS na'ura ce da ke hana tayoyi ƙamewa idan aka taka birki da ƙarfi. Don ki gane amfaninta, ki tuna yaro ya sheƙo a guje a kan tayil ɗin da kika gama gogewa da ruwa. Da zarar ya ƙame ƙafafunsa don ya tsaya, sai santsi ya ɗebe shi, ba ya iya yin dama ko hagu, sai abin da ya tare shi. Haka taya take. Muddin tana juyawa tana kama ƙasa, direba yana da iko da motarsa. Da zarar birki ya shaƙe ta ta daina juyawa, sai ta koma jan ƙasa, kuma duk yadda aka murza sitiyari motar ba za ta bi ba, inda ta dosa can za ta tafi. Baƙin layin nan biyu da muke gani a kan kwalta a wurin da aka yi haɗari, sawun tayoyin da suka ƙame ne.

An fara amfani da irin wannan dabara ce a jiragen sama, don kada tayoyinsu su zame lokacin sauka. A shekarar 1978 kamfanin Bosch na ƙasar Jamus tare da Mercedes-Benz suka fito da mai aiki da lantarki a manyan motocinsu na alfarma. Daga nan ta yi ta bazuwa, har ya zama tun 2004 sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai da ita suke fitowa. Tun da yake yawancin motocin da ke hannunmu na hannu ne, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano da waɗanda aka kawo daga Amurka, akwai kyakkyawan zaton motar gidanku tana da ita.

Ga yadda take aiki. A bayan taya akwai wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ita, kusa da shi kuma akwai sansa da ke ƙirga haƙoran suna wucewa. Ta haka kwamfuta take sanin saurin kowace taya a kowane lokaci. Idan direba ya danne birki, kwamfutar ta ga wata taya tana shirin tsayawa cak alhali motar tana gudu, sai ta sassauta matsin man birki a kan wannan tayar, ta bar ta ta ɗan juya, ta sake matse ta, ta sake saki. Tana yin haka sau goma ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, abin da babu ƙafar ɗan Adam da za ta iya. Sakamakon haka mota tana rage gudu, direba kuma yana iya kauce wa abin da ke gabansa.

Inda kuskuren yake

Direbobinmu da yawa sun koyi tuƙi ne da motoci irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ko kuma sun koya daga wanda ya koya da ita. A irin waɗancan motoci marasa ABS, koyarwar ita ce a taka birki a saki, a taka a saki, don kada taya ta ƙame. Wannan daidai ne a zamaninsa da motarsa. Amma a mota mai ABS wannan dabara cutarwa take yi, domin duk lokacin da aka ɗaga ƙafa an katse wa na'urar aikinta, an kuma ƙara tsawon wurin da mota za ta tsaya.

Abu na biyu shi ne tsoro. Lokacin da ABS ta kama aiki, abin taka birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafa kamar yana turo ta baya, ana kuma jin ƙara gurrr kamar ana niƙa. Wanda bai taɓa ji ba sai ya zaci birki ne ya ɓalle, ya ɗauke ƙafarsa a daidai lokacin da ya fi buƙatar ta zauna. 'Yar uwa mai tuƙi, ki riƙe wannan da kyau: karkarwar nan alama ce ta lafiya. Ki danne birki da iyakar ƙarfinki, kada ki ɗaga, idonki a kan inda kike so motar ta bi, ki juya sitiyari a natse ba da fizga ba. Idan motar mai giyar hannu ce ki danne kuloci tare da birkin.

Ki ɗauki misalin ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, lokacin da hanyar Gumel zuwa bakin iyaka ke cika da tireloli masu ɗaukar shanu, da amalanke, da 'yan acaɓa, da garken dabbobin da ake korowa daga ƙauyukanmu da na Jamhuriyar Nijar. Akuya ko yaro na iya faɗowa titi ba zato. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafa ta tashi daga totur ta isa birki an riga an ci wuri mai tsawo. A irin wannan hali ikon kaucewa shi ne bambancin da ke tsakanin a yi salati a wuce da a kwana a asibiti.

Yana da kyau duk mai tuƙi ya ji wannan karkarwa tun kafin ranar tsautsayi. A sami fili ko hanyar da babu kowa, ba tare da yara a mota ba, a ɗaura bel, a yi gudun da bai wuce kilomita 30 ba, a danne birki da ƙarfi. Sau biyu ko uku sun isa ƙafa ta saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma fa ba laya ba ce

ABS tana da iyaka, kuma iyakar tata ta shafe mu kai tsaye. A kan kwalta, busasshiya ko jiƙaƙƙiya, tana taimakawa ƙwarai, musamman a ruwan farkon damina da ke haɗuwa da ƙura da maiƙo ya mai da titi kamar an shafa masa sabulu. Amma a kan yashi da tsakuwa da burji, mota mai ABS tana iya cin wuri mai tsawo kafin ta tsaya fiye da marar ita. Dalili kuwa, tayar da ta ƙame a cikin yashi tana tara shi a gabanta ya zama mata waigi, ita kuwa ABS ba ta barin tayar ta ƙame balle ta tara. Za ki riƙe ikon juya sitiyari, amma tsayawar za ta yi nisa. Mu kuwa ƙasarmu ta rairayi ce, sunan jihar ma daga jigayi aka samo shi. Duk wanda ya bar kwalta ya shiga hanyoyin ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa ko Maigatari, ko ya zo inda iskar hunturu ta kwaso yashi ta zuba a kan titi, maganinsa ɗaya ne, ya rage gudu ya kuma ba na gabansa tazara. A tuna, idan gudu ya ninka sau biyu, wurin da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu. Haka nan ABS ba ta iya komai da tayar da ta suɗe ta zama kamar tafin hannu.

Idan fitilar ABS ta kama ta ƙi mutuwa, ma'anarta kwamfuta ta ga matsala ta kashe na'urar. Birki na yau da kullum yana nan yana aiki, sai dai taya na iya ƙamewa idan aka taka da ƙarfi. A yi tafiya a hankali a kai ta gyara. Sau da yawa abin ba mai tsada ba ne: laka ko datti ya toshe sansa, ko wayarsa ta tsinke lokacin da ake wani gyara a ƙafar motar, ko fis ya ƙone, ko an sa tayoyin da girmansu bai zo ɗaya ba. Amma idan fitilar ABS da jar fitilar birki suka kama tare, wannan babbar magana ce, a tsaya kawai.

Masu rufe bakin mota

Akwai wata muguwar ɗabi'a da ya kamata a faɗa. Wani idan fitila ta dame shi, maimakon ya gyara abin da ya kunna ta, sai ya sa a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif. Wasu marasa tsoron Allah cikin masu sayar da mota ma suna yin haka don su ɓoye aibi, alhali addininmu ya hana ɓoye aibin haja. Wannan daidai yake da yaro yana kukan ciwo a toshe masa baki a ce ya warke. Saboda haka idan maigida zai sayi mota, ki tuna masa ya murɗa makulli ya tsaya kafin ya tayar da inji, ya tabbatar ya ga fitilar ABS da ta jakar iska da ta inji da ta baƙin mai duk sun kama, sannan sun mutu. Wadda ba ta kama ba, a tambayi dalili.

Ya kuma kamata a sa wa motar kwamfuta. Motocin Amurka tun daga 1996, da na Turai masu shan fetur tun daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike, ta karanto abin da motar ta rubuta game da ciwonta. Wannan ya fi a yi ta canje-canjen kaya bisa zato, ana aike Ƙofar Ruwa a Kano sayen abin da lafiyarsa ƙalau. Wasu motocin kuma a rubuce suke ba da saƙo a wani ɗan gilashi, kuma da yake daga Turai aka kawo su, sai saƙon ya zo da Jamusanci ko Faransanci. Kada a yi biris da shi don ba a iya karantawa ba. A ɗauki hotonsa da waya a nuna wa wanda ya sani, ko a sa mai gyaran waya ya mai da shi harshen da ake ganewa. Idan dai aka ga STOP da jan rubutu, wannan ba ya buƙatar tafinta.

Yadda za ki yi magana

To, kin gani kin kuma gane, saura faɗa. Mun san maza ba su cika son a yi musu gyara a kan tuƙi ba, balle a gaban yara ko baƙi. Sai a bi da hikima irin tamu. Maimakon ki ce ba ka ga motarka ta lalace ba, kina iya cewa, "Alhaji, wannan jar fitilar mai kama da buta tun ɗazu take kunne, don Allah mu ɗan tsaya a duba, hankalina bai kwanta ba." Ko kuma da daddare bayan an ci abinci ki ce, "Baban Amina, kafin tafiyar nan tamu ta ranar Asabar, da an kai motar an duba fitilar nan ta ABS, ko don yaran nan." Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan kuɗin gyara ne ya yi wuya, wannan yana cikin wuraren da kuɗin adashi ya fi amfani a kan sabon leshi.

A motar haya ma kina da haƙƙi, tun da kuɗinki kika biya kuma ranki kika ba da amana. Ki ce, "Malam direba, don Allah a sassauta, da yara a motar." Idan kika ga yana ta famfa birki kafin ya kama, ko jar fitilar birki tana kunne ya ƙi kulawa, sauka a gari na gaba ya fi, ko da za ki yi asarar kuɗin mota. Idan kuma direba ne ke kai 'ya'yanki makaranta, ki riƙa leƙa dashbod ɗin da kanki lokaci-lokaci idan ya tayar da mota da safe. Minti ɗaya bai cika ba kin gama.

Wata za ta ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma Shi ne kuma Ya umarce mu da riƙo da sababi. Mun san labarin mai raƙumin nan da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya umarta da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Duba birki da taya da fitilun gaban mota shi ne ɗaure raƙumin wannan zamani. Mu koya wa yaranmu addu'ar hawa abin hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, mu karanta ta tare da su duk lokacin da muka shiga mota, sannan mu buɗe ido mu dubi abin da motar ke faɗa mana. 'Ya'yan nan amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin ƙarfe, Ya kai matafiya gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.